Allon Zamiyar da Ba Ka Iya Tanƙwarawa Ba Naka Ba Ne

Mutumin Jos ya san sanyi, amma bai san dusar ƙanƙara ba. Garin yana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200 daga teku, duwatsun Shere sun haura mita 1,800, ƙanƙara kuma takan zubo da ruwan sama har ta ɓata wa manoma shuka. Sai dai dusar da ake zamiya a kanta ba ta sauka ko'ina a Najeriya. Duk da haka maganar kayan zamiya ta fara shigowa hirarmu ta wasu ƙofofi. Akwai yaranmu masu karatu a Turkiyya da Rasha da Sin, akwai ma'aikatan da aiki ya kai Turai da Kanada, ga kuma 'yan kasuwar da ke tashi daga Abuja zuwa Dubai, inda tun 2005 aka buɗe Ski Dubai, rufaffen filin zamiya a kan dusa, cikin kantin Mall of the Emirates. A 2022 ma an ga Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta hunturu a Beijin, ko da yake nasa fannin tseren nisa ne, ba gangarowa daga dutse ba.

Mai son abin yakan fara da kayan haya. Da ya ɗan ji daɗin ƙafarsa sai sha'awar mallakar nasa allon zamiya, wato siki, ta motsa. A nan ne ake yawan tafka asara, domin mai saye yakan nemi wanda aka fi yabo, alhali sikin da aka ƙera don yankan kwana ba ya aiki sai ya tanƙwaru a ƙarƙashin ƙafa. Idan nauyinka da gudunka da ƙwarewarka ba su isa su tanƙwara shi ba, duk yabon da aka yi masa na wani ne.

Filin da ake magana a kansa shi ne gangarar da aka daɓe. A wuraren zamiya, bayan an tashi da yamma, manyan motoci masu ƙafar sarƙa irin su PistenBully da Prinoth suna hawa dutse cikin dare su farfasa dusar, su baje ta, su danne ta, su bar ta da siraran layuka. Wannan shimfiɗaɗɗiyar hanya ce yawancin masu zamiya ke bi, ita ce kuma baƙo daga ƙasar zafi zai yini a kanta. A Turai launi ke nuna tsananin gangara: shuɗiya mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙa ta gwanaye. A Ostiriya da Jamus shuɗiya ba ta wuce gangarin kashi 25 cikin 100, ja kuma kashi 40. Abin lura shi ne daɓen yana da tauri, musamman inda injin ne ya yi dusar, don ita ta fi ta sama nauyi da saurin daskarewa. Sikin irin wannan wuri ba shawagi ake nema da shi ba. Riƙo ake nema.

Hanya biyu ake shan kwana. Ta farko ita ce ta ɗan koyo: ya murɗa ƙafa, wutsiyar siki ta share gefe, dusa ta yi feshi, gudu ya ragu. Wannan shara ce, kuma ba abin kunya ba ce, da ita ake taka birki. Ta biyu ita ce yanka. Mai zamiya ya karkata sikin a kan bakinsa na ƙarfe, ya ɗora masa nauyi, sikin da kansa ya zana da'ira, wutsiya ta bi daidai sawun da kai ya bari. In ka waiwaya sai ka ga sirarun layuka biyu a dusa, ba faffaɗan gogaggen wuri ba.

Abin da ke sa hakan ta yiwu siffar allon ce. Yana da faɗi a kai, ya tsuke a ƙugu, ya sake buɗewa a wutsiya. Idan ka karkata shi a kan daɓe mai tauri, kai da wutsiya ne kawai ke taɓa ƙasa, ƙugu yana rataye a iska. Sai ka danna da nauyinka ƙugun ya sauka, allon ya lanƙwashe, wannan lanƙwasar ce kwanar. Babu danni, babu lanƙwasa. Babu lanƙwasa, babu yanka.

Dabarar tsuke ƙugu tsohuwa ce. Ana jingina ta ga mutanen Telemak na ƙasar Norwe, musamman Sondre Norheim, wanda ya burge jama'a a gasar 1868 a birnin da yanzu ake kira Oslo. Amma fiye da shekara ɗari tsukewar ba ta da zurfi. Har ƙarshen shekarun 1980 babban mutum kan ɗauki siki mai tsawon mita biyu ko fiye, kusan miƙaƙƙe, wanda sai gwani da gudu mai yawa ke iya sa shi ya yanka. Kamfanin Elan na Sulobeniya ne ya fito da SCX a 1993, mai ƙugu tsukakke sosai, Kneissl na Ostiriya kuma ya fito da Ergo a daidai wannan zamani. A 1996 wani matashi Ba'amurke, Bode Miller, ya lashe tsere a gasar matasan ƙasarsa da K2 Four, siki na kasuwa ba na tsere ba. Kafin shekarar 2000 miƙaƙƙen siki ya kusa ɓacewa daga kantuna. Riƙe wannan tarihin yana da amfani ga mai zuwa gwanjo, za mu zo wurin.

A jikin kowane siki za ka ga lamba uku jere, misali 120-70-104. Faɗin kai ne, da na ƙugu, da na wutsiya, a milimita. Kusa da su akwai wata lamba mai harafin R, kamar R13 ko R16. Radiyos ke nan: da za a ci gaba da zana lanƙwasar gefen allon har ta zama cikakkiyar da'ira, nisan da ke tsakanin tsakiyarta da bakinta ke nan a mita.

Ta tsakiya, wato ƙugu, ita ce ta farko da za a duba. Sikin gasar silalom, mai gajerun kwanoni, ƙugunsa wajen milimita 65 zuwa 68 ne. Na daɓe na gama-gari yakan kama daga 68 zuwa 85. Da an haura 90 an fara shiga sikin da aka yi don ya taɓa daɓe ya kuma taɓa ɗanyar dusa, sama da 105 kuwa na dusa mai zurfi ne. Dalilin da siriri ya fi a wuri mai tauri lissafi ne na jiki. Bakin ƙarfen yana kusan ƙarƙashin tafin ƙafarka, don haka ɗan motsin idon sawu ya isa ya kafa shi, sauyawa daga wannan baki zuwa wancan kuma ba ta ɗaukar lokaci. Faffaɗa yana nesanta bakin daga ƙafa, ƙasa tana ƙoƙarin mayar da shi kwance, gwiwa ce ke biyan kuɗin wannan kokawa. Amma siriri ma yana da nasa aibin: da rana ta take, dusa ta yi laushi ta tattaru tsibi-tsibi, sai ya riƙa nutsewa yana sarƙewa. A ganina, ga wanda ba ya zaɓen ranar da zai yi zamiya, wanda hutu ne ya ba shi kwanakin da ya samu ko da wane irin yanayi, tsakanin 72 da 80 ya fi dacewa. Yawancin kamfanoni suna da samfuri a wannan tsakani. Cikin jerin Supershape na Head, alal misali, akwai mai ƙugu 72 da mai 78, haka ma jerin Deacon na Völkl ya fito da 72 da 76.

Radiyos shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane suna ɗauka R14 na nufin kwanar mita 14 kullum. A'a. Wannan ita ce mafi faɗin kwanar da allon zai iya yankawa tsaf. Gwargwadon karkatar da ka yi masa, gwargwadon yadda zai ƙara lanƙwashewa kwanar ta tsuke. Idan ka karkata R14 da digiri 45 zai zana kwanar wajen mita 10, a digiri 60 kuma wajen mita 7. Ke nan gwani yana fitar da kwanoni iri-iri daga siki ɗaya, shi kuwa wanda bai iya karkatawa fiye da digiri 15 ko 20 ba, abin da aka rubuta a jiki shi zai samu, ko ma ya koma shara.

Nan ne nauyi ke shigowa. Ɗauki mutum mai kilo 75 yana gudun kilomita 36 a awa, ya sha kwanar mita 10. Ƙarfin da ke tura shi waje ya kusa daidai da nauyinsa, in aka haɗa da jan ƙasa ƙafafunsa suna ɗauke da abin da ya haura kilo 100. Ya ƙara gudu zuwa kilomita 54 a kwanar nan dai, abin ya doshi kilo 190, mafi yawansa a kan ƙafar waje. Wannan ƙarfin ne ke tanƙwara siki mai tauri. Wanda bai kai wannan gudu ba, ko cinyarsa ba za ta ɗauki wannan kaya ba, ba shi da abin da zai tanƙwara shi da shi.

Duk wanda ya bi Hawan Kibo ya ga yadda mai babur ke kwanciya ya shige kwana cikin ƙiftawar ido, ita kuwa tirela sai ta ci rabin hanya kafin ta juyo. Bambancin R12 da R30 ke nan. Hukumar FIS, mai kula da gasannin zamiya na duniya, ta ƙayyade wa manyan 'yan tseren maza siki mai aƙalla santimita 165 a silalom, a babban silalom kuma santimita 193 da radiyos ɗin da bai gaza mita 30 ba. Akwai lokacin da ta kai shi mita 35, daga kakar 2012, da hujjar rage raunin gwiwa, kafin ta dawo da shi 30 a 2017. Irin wannan siki yana bukatar gangara mai faɗi, babu kowa a gaba. A Ski Dubai, inda hanya mafi tsawo take da mita 400, ko a dutsen Uludağ na Turkiyya ranar Asabar da mutanen Istanbul suka cika wuri, ba shi da amfani, haɗari ne ma. R12 zuwa R13 yana son gajerun kwanoni a jere, yana da daɗi amma yana gajiyarwa, don kullum neman juyawa yake. R14 zuwa R17 shi ne na zaman lafiya.

A lura kuma, samfuri ɗaya radiyos ɗinsa yana sauyawa da tsawo. Wanda yake R13 a santimita 163 zai iya zama R15 a 177. Ƙa'idar tsawo da aka saba ita ce allon ya tsaya tsakanin haɓa da saman kai. Mai ƙaramin jiki ko sabon hannu ya yi ƙasa, mai nauyi ko mai gudu ya yi sama. Siki bai san tsawonka ba, nauyinka yake ji.

Abin da ba a rubutawa a jiki, kuma ya fi duk lambobin nan tasiri, shi ne tauri. Cikin siki mai kyau katako ne, a lulluɓe da zaren gilashi ko na kabon. Na araha wani lokaci kumfar roba ce, ba ta daɗewa take mutuwa. A manyan samfura ana ƙara falle ɗaya ko biyu na wani ƙarfe da ake kira Titanal, wanda kamfanin AMAG na Ostiriya ke yi. Asalinsa gaurayen alminiyom ne, ko da yake harafin Ti da ake maƙalawa a sunan siki yana sa mutane su zaci wani ƙarfe ne daban. Aikinsa biyu ne. Yana shanye karkarwa, allon ya kwanta lakadan a gudu mai yawa maimakon ya riƙa kaɗawa. Yana kuma hana shi murɗewa, ta yadda kai da wutsiya za su riƙe kaifinsu a kan daskararren wuri. Duka biyun alheri ne. Farashinsu shi ne nauyi da taurin kai. Siki mai falle biyu ba ya yafiya: ka ɗan zauna baya kaɗan, wutsiya ta kama, ya harba ka gaba da gudun da ba ka nema ba.

Wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Kayseri ta Turkiyya, inda dutsen Erciyes yake a bayan gari, ya zo hutu ya same ni da hoto a waya.

"Kawu, wannan ne ya zo na ɗaya a gwajin bana. Ƙarfe biyu ne a cikinsa. An yi ragi, in aka bari zai ƙare."

Na tambaye shi nauyinsa, ya ce kilo 58. Na tambayi gangarar da yake bi, ya ce shuɗiya, jifa-jifa ja. Na ce ya nuna min bidiyon da abokansa suka ɗauke shi. Yaron yana da ƙarfin hali, ba ya tsoron gudu. Amma a kowace kwana kafaɗarsa ce ke fara juyawa, ƙugunsa yana baya kamar mai shirin zama, wutsiyar sikin tana watsa dusa gefe. Na tsayar da hoton daidai inda ya wuce na ce ya duba sawun.

"Ina layi biyun?"

Ya ƙura ido, ya yi dariya. "Kawu, ai ranar dusar ce ba ta da kyau."

Ba dusar ba ce. Har yanzu shara yake yi, kuma babu laifi a hakan ga mai kaka biyu a harkar. Amma da an saya masa abin da ya nuna, linzami ne zai fi ƙarfin bakin kaza. Kilo 58 a gudun shuɗiyar gangara ba zai sauko da ƙugun wannan allo ƙasa ba. Zai ji shi kamar ba ya jin magana, ya ƙara murɗa jiki don ya tilasta shi, ɗabi'ar da ake so ya bari ta ƙara kafuwa. Abin da zai koya masa yanka shi ne siki mai laushi, mai katako ba ƙarfe ko mai siririn falle ɗaya, wanda zai lanƙwashe a ƙaramin gudu ya ji yadda baki ke ɗaukarsa.

Mutanenmu suna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Gaskiya ne a mota da tukunya. A siki kuwa tsada ba inganci kaɗai take nunawa ba, tana nuna wanda aka ƙera wa abin. Jerin kamfanoni kamar Redster na Atomic, Hero na Rossignol, Dobermann na Nordica, RC4 na Fischer da Laser na Stöckli duk daga ɗakin tsere suka samo jini, na saman jerin kuma sukan kai ko su haura Yuro 1,000. Kusan kowannensu yana da ƙannai masu kama da shi a fenti amma sun fi laushi. Ƙanin ba jabu ba ne. Sau da yawa shi ne daidai.

Wannan ya kawo mu ga gwaje-gwajen da mujallun zamiya na Turai da Amurka ke bugawa kowace shekara. Suna da amfani, amma sai an san yadda ake karanta su. Masu gwajin galibi tsofaffin 'yan tsere ne da malaman zamiya da ma'aikatan kantunan kaya, mutanen da ke shafe hunturu a kan dusa. Kamfanoni ne ke kawo allunan, sababbi, an wasa su an shafe su da kakin zamiya. Makin da ya haɗa komai yana nuna abin da ya faranta wa waɗannan ƙafafu. Mai karatu daga Jos ya tsallake wannan maki ya nemi ƙananan: yafiya, sauƙin shiga kwana, yadda yake a ƙaramin gudu. In aka rubuta cewa siki "yana son direba mai ƙarfi" ko "sai an ba shi gudu yake farkawa", yabo ne a wurinsu, gargaɗi ne a wurinka. In an faɗi nauyin mai gwajin, nemi wanda ya yi kusa da naka.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na ƙafarka. Kantunan haya da yawa a manyan wuraren zamiya suna da rukunin sababbin samfura, suna kuma barin mutum ya sauya a yini ɗaya; wasu ma sukan cire kuɗin hayar daga farashi in ka saya. Amma gwajin ma yana da ƙa'ida. Da sassafe, a kan sabon daɓe, kowane siki gwani ne, ko na banza zai riƙe. Hukunci na gaskiya yana zuwa ne bayan azahar, lokacin da dubban ƙafafu suka kankare tsakiyar hanya ta zama sulɓi, suka tara dusa a gefe, cinyarka kuma ta fara zafi. A gwada biyu ko uku a gangara ɗaya, da takalmi ɗaya. A fara a hankali: yana shiga kwana da ɗan karkata idon sawu, ko sai an yi kokawa? A ƙara gudu: kansa yana kaɗawa? A nemi wuri mai sulɓi da gangan a ga ko baki zai kama. Sannan, abin da mutane ke mantawa, a gwada shara da tsayawar gaggawa. Sikin da ya iya yanka amma ya ƙi sakin baki idan yaro ya gifta a gabanka ba abokin tafiya ba ne.

Kafin a yanke wa siki hukunci kuma a duba wasinsa. Bakin ƙarfen, wanda Rudolf Lettner na Ostiriya ya ƙirƙiro a shekarun 1920, ba a barinsa a miƙe. Ana ɗan zaftare shi ta ƙasa da rabin digiri zuwa ɗaya, ta gefe kuma a wasa shi ya tsaya a digiri 88 ko 87. Bambancin digiri ɗaya yana sauya halin allo gaba ɗaya. Dakusasshen baki zai sa siki mai tsada ya riƙa zamewa, wanda injin wasi ya bar wa ƙaya kuma zai riƙa kamawa ba zato. Sau da yawa wanda ya ce ya gwada samfuri kaza bai ji daɗinsa ba, wasin ya gwada.

Duk wannan bayani kuwa yana bayan takalmi. In kuɗin abu ɗaya ke gare ka, takalmi za ka saya, ka ci gaba da hayar siki. Ta cikinsa ne motsin ƙafa ke isa bakin ƙarfe; in ƙafa tana yawo a ciki, umarninka yana zubewa a hanya. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, kuma kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sayen babba don ya ji sakewa a kanti, alhali soson ciki yana lotsawa bayan 'yan kwanaki. Lambar taurinsa takan kama daga wajen 60 zuwa 130, ba kuma daidai take tsakanin kamfanoni ba. Mai faffaɗan tafin ƙafa, kamar yawancin waɗanda suka tashi da silifa da takalmi sau-ciki, ya tambayi faɗin takalmin: akwai na milimita 98, da 100, da 102 zuwa sama. Wannan ba abin aike ba ne, ba a ba ɗan'uwa mai tafiya lamba a ce ya sayo.

Maɗaurin da ke riƙe takalmi a kan allo shi ne mai ceton gwiwa. Yawancin sikin daɓe da nasu maɗaurin suke zuwa, a kan wata 'yar dakali da ke ɗaga ƙafa don kada takalmi ya taɓa dusa in an karkata sosai. Lambar sakinsa, da ake kira DIN, ma'aikacin kanti ne ke saita ta bisa nauyi, tsawo, shekaru, tsawon tafin takalmi da irin zamiyar mutum. A faɗa masa gaskiya. Wanda ya ce shi gwani ne don kada a raina shi, an ƙara masa lamba, maɗaurin zai ƙi saki ranar da ya faɗi, jijiyar gwiwa ce za ta saki. A kuma tabbatar maɗaurin ya dace da tafin takalmin, don sababbin takalma masu tafin GripWalk, wato tafin roba da aka yi don sauƙin tafiya, ba sa zama daidai a tsofaffin maɗaurai.

Sai gwanjo. Wanda ya saba da kasuwar Katako ta Jos ya san ana tsintar abin kirki a na hannu, a Turai ma kasuwar tsofaffin kayan zamiya babba ce, musamman a ƙarshen kakar zamiya cikin Maris da Afrilu. Amma a duba da kyau. Haɗa allunan biyu ciki da ciki: ya kamata su taɓa juna kusa da kai da kusa da wutsiya, tsakiya ta bar 'yar tazara, in ka matse ka saki ta dawo da ƙarfi. In sun manne shamɓar babu tazara, doron ya mutu, allon ya gaji. Bi bakin ƙarfen da yatsa daga kai har wutsiya, ka nemi tsagewa ko inda ya kumbura, ka duba kaurin da ya rage, don kowane wasi yana cin ƙarfe kuma ba a mayar da shi. Goga bayan farcenka a kan bakin: mai kaifi zai ɗan kankaro farcen. Dubi ciki ko akwai ramin da ya kai ga katako, dubi gefe ko fallayen sun fara rabuwa. Dogo miƙaƙƙe mai kyan fenti da za a ba ka kusan kyauta, na kafin 2000 ne, ado ne na bango. Tsohon maɗauri kuma robarsa tana gajiya ko ba a yi amfani da shi ba, kantuna da dama ma ba sa yarda su taɓa wanda kamfaninsa ya daina lamunta.

Tambayar da ta rage ita ce wa ya kamata ya saya tun farko. Ɗalibin da ke zaune kusa da dutsen Erciyes ko Palandöken a Turkiyya, ko ma'aikacin da ke da dutse a tafiyar awa biyu, yana fita kusan kowane ƙarshen mako, saye ya fi masa, da zarar ya fara barin layi biyu a bayansa ya kuma san irin kwanar da yake so. Shi kuwa mazaunin Jos ko Abuja da ke samun mako ɗaya a shekara, ko a Turkiyya, ko Oukaïmeden ta Maroko, ko Afriski ta Lesoto da kakarta ke faɗowa daga Yuni zuwa Agusta, lissafinsa daban ne. Zai ja jaka mai tsawon kusan mita biyu daga gida zuwa filin jirgi, wasu kamfanonin jirage su caje shi kuɗin kayan wasanni, a sauya jirgi da fargabar ko ta biyo shi. Babu mai wasa siki ko gwada maɗauri a nan, sai ya isa can ya ba da rabin yini. Sauran watanni goma sha ɗaya kuma allon yana jingine, laimar damina tana cin bakin ƙarfen da tsatsa in ba a shafe shi da kaki mai kauri ba, zafin sito a Abuja yana gasa gam da robar maɗauri. Ga shi kuma ƙwarewarsa tana sauyawa daga shekara zuwa shekara, abin da ya dace da shi bana zai yi masa laushi nan da shekara uku. Irin wannan mutum ya sayi takalmi da hular kwano, ya zuba sauran kuɗin a hayar rukunin sama da awa biyu-uku tare da malamin zamiya. A kantin hayar ya faɗi nauyinsa da launin gangarar da yake bi, ya nemi ƙugu 72 zuwa 80, radiyos 13 zuwa 16, tsawo daidai hancinsa, ya kuma roƙi a ba shi wanda aka wasa kwanan nan.